Ɗigon fitsari bayan haihuwa bakwai: nazarin lamarin wata mata a Makka, da abin da gwajin dabbobi ya nuna game da allurar da aka yi mata

Asalin mai lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa Bahaushiya ce haifaffiyar Makka, shekarunta 52 a lokacin da aka rubuta shi. Kakanninta na cikin mutanen da suka taso daga ƙasar Kano da niyyar Hajji, suka ratsa Sudan, suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin, daga baya zama ya kama su. Sana'arta girkin biki da suna da walima, aikin da ke buƙatar doguwar tsayuwa da ɗaga manyan tukwane. Ta haihu sau bakwai, duka da kanta, sai dai haihuwa ta shida ta zo da doguwar naƙuda, jaririn ya kai kilo 4.2, har sai da aka jawo kansa da na'ura. Tsawonta santimita 158, nauyinta kilo 88 ranar da ta fara ganin ƙwararriyar likita. Tana da ciwon suga da take shan maganinsa, tana kuma fama da tari na yau da gobe wanda hayaƙin girki da turaren wuta ke tayar mata. Mahaifiyarta, wadda tsufa ya kwantar, tana hannunta, ita ce mai tashinta da yi mata wanka.

Farkon matsalar: shekara 36 zuwa 47

Bayan ta yi arba'in na haihuwa ta shida ta lura cewa duk lokacin da ta yi atishawa ko dariya mai ƙarfi sai fitsari kaɗan ya kufce mata, wanda bai wuce ya jiƙa kamfai ba. Ba ta gaya wa kowa ba, domin matan da ta tashi a cikinsu sun ɗauki wannan a matsayin gadon haihuwa da ake haƙuri da shi. Haihuwa ta bakwai, tana da shekara 39, ta ƙara abin, amma har tsawon shekara takwas bayan nan audugar mata ɗaya takan kai ta wuni.

Bututun fitsarin mace gajere ne, tsawonsa kimanin santimita 4, kuma abin da ke riƙe shi a rufe shi ne tsokar da ta zagaye shi, da laushin fatar cikinsa da ke mannewa da juna, da tsokokin ƙasan ƙugu da ke tallabe shi. Idan mutum ya yi tari ko ya ɗaga kaya, matsin da ke cikin ciki yakan danno mafitsara daga sama, to idan bututun bai matse da ƙarfin da ya fi wannan danniya ba sai fitsari ya fito. Kan jariri a doguwar naƙuda yakan miƙar da waɗannan tsokoki da jijiyar da ke ba su umarni, ɗaukewar al'ada kuma takan sa fatar cikin bututun ta yi siriri, ƙiba da tari suna ƙara nauyin da ake ɗora wa wurin kullum. Duk waɗannan sun haɗu a kan wannan mata.

Tsanantar ciwon da abin da ta gwada a gida: shekara 47 zuwa 49

Al'adarta ta ɗauke tana da shekara 47, kuma cikin shekara ɗaya audugar da take canzawa a wuni ta kai biyar. Fitsarin ya fara zubo mata idan ta ɗago daga sujada, ko ta sauke tukunya daga murhu, ko ta tallabi mahaifiyarta. Wata malama da take ɗaukar karatu a wurinta ta bayyana mata cewa shari'a ta yi wa mai irin wannan larura sauƙi: ta yi tsarki, ta sa ƙunzugu, ta yi alwala bayan shigar lokaci, ta yi sallarta. Wannan ya kwantar mata da hankali game da sallar gida, amma tsoron wari a cikin sahu da tsoron ɓata wuri ya sa ta daina zuwa Harami gaba ɗaya, alhali daga gidansu zuwa can tafiya ce ta mota ɗaya.

Abin da ta fara yi shi ne rage shan ruwa, har ya zama kofi uku ko huɗu take sha a wuni, a garin da zafinsa kan haura digiri 40 a lokacin bazara. Fitsarin ya yi kauri da wari, bayan gida ya yi tauri, yunƙurin fitar da shi ya ƙara wahalar da tsokokin da dama suka gaji, kuma sau biyu a shekara ɗaya ta kamu da ciwon sanyin mafitsara da ya buƙaci maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ta yi watanni tana zama a ruwan bagaruwa bisa shawarar wata ƙawarta. Bagaruwa takan tsuke fata na ɗan lokaci, amma ba ta kai ga tsoka ko jijiya, saboda haka yawan ɗigon bai canza ba. Daga nan ta sayi wasu ƙwayoyi a kantin magani, irin waɗanda ake ba mai mafitsarar da ke matsewa da kanta ta hana shi kai wa banɗaki. Ta sha su wata biyu, bakinta ya bushe, taurin bayan gida ya ƙaru, ɗigon yana nan, domin mafitsararta lafiya lau take, matsalar tana ga bututun da ke ƙasa da ita.

Gano ciwon a asibiti: shekara 49

Babbar 'yarta ce ta gane halin da ake ciki, ta yawan audugar da ake saye, ta kuma matsa har suka je wurin wata likitar mata mai ƙwarewa a kan mafitsara a Jidda. Babban abin da mai lamarin ke tsoro shi ne a ce tana da yoyon fitsari irin na hujewar mafitsara, wanda ta san ya raba wasu mata da gidajensu a can gida. Likitar ta kawar da wannan tun da wuri, domin mai huji fitsarinta na zuba dare da rana ko tana kwance, ita kuwa takan kwana a bushe, kuma duban da aka yi mata bai nuna huji ba.

An ba ta takarda ta rubuta duk abin da ta sha da duk fitsarin da ta yi na kwana uku, sai aka ga ɗigon yana zuwa sau shida a wuni bisa matsakaicin lissafi. An auna audugar da ta yi amfani da ita cikin sa'a 24, nauyinta ya ƙaru da giram 60. Da aka sa ta yi tari mafitsara na cike, fitsari ya fito nan take, ya kuma tsaya da tsayawar tarin. Abin da ya rage a mafitsara bayan ta gama fitsari mililita 20 ne, wanda ba komai ba ne, awon na'ura kuma ya tabbatar cewa mafitsarar ba ta matsewa ba bisa ƙa'ida ba.

Wata huɗu na motsa tsoka da rage nauyi

Likitar ba ta fara da allura ko tiyata ba. Ta tura ta wurin mai koyar da motsa tsokokin ƙasan ƙugu, hanyar da likitan Amurka Arnold Kegel ya bayyana a 1948, wadda hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ke ba da shawarar a yi aƙalla wata uku, matsewa takwas sau uku a rana, kafin a yi zancen wani abu. A zaman farko an gano cewa mai lamarin tura ƙasa take yi maimakon jawowa sama, sai da aka yi zama uku kafin ta kama tsokar da ake nufi. An kuma koya mata ta matse kafin ta yi tari ko ta ɗaga tukunya. An mayar da ita shan ruwa kusan lita ɗaya da rabi, an ba ta maganin tari da man shafawa na sinadarin mata a farji, an roƙe ta ta rage turaren wuta a ɗaki rufe. Game da nauyi, an kafa mata hujja da wani gwaji da aka buga a Amurka a 2009, inda mata masu ƙiba da suka rage kimanin kashi 8 cikin ɗari na nauyinsu a wata shida suka samu raguwar ɗigo da kashi 47, waɗanda ba su shiga shirin ba kuma kashi 28.

Bayan wata huɗu nauyinta ya sauko zuwa kilo 82, ɗigon ya koma sau huɗu a wuni, auduga uku, awon sa'a 24 ya ba da giram 35. An samu sauƙi na gaske, amma bai kai ta koma Harami ba.

Zaɓi uku da suka zo gabanta

Likitar ta gabatar da hanya biyu. Ta farko tiyata ce da ake ratsa siririn ƙyallen raga a ƙarƙashin bututun don ya tallabe shi, aikin da aka fara bayyanawa a Suwidin a tsakiyar shekarun 1990. Ta biyu allura ce da ake cusa wani jel a bangon bututun daga ciki don ya kumbura ya haɗe, kamar yadda ake sa wa famfo mai ɗiga sabuwar roba. Ta faɗa mata gaskiyar bambancinsu: a wani gwaji da aka yi a Helsinki ta ƙasar Finland, aka buga a 2020, kashi 95 cikin ɗari na matan da aka yi wa tiyata sun gamsu sosai bayan shekara ɗaya, a ɓangaren allura kuwa kusan kashi 60 ne, sai dai yawancin matsalolin aiki, da duk sake tiyatar da aka yi don gyara matsala, a ɓangaren raga suka faru. Ingila ma ta dakatar da yawancin aikin raga a watan Yulin 2018 saboda koke-koken mata. Mai lamarin ta ƙi tiyata, dalilinta kuma a fili yake: za a hana ta ɗaga nauyi na makonni, ga mahaifiya a kwance babu mai karɓarta.

Zaɓi na uku ɗanta ne ya kawo shi a wayarsa. Wani asibitin kuɗi a wata ƙasa yana tallar allurar ƙwayoyin halitta da za a ciro daga jikin mutum, a mayar masa a bututun fitsari, su tsirar da sabuwar tsoka, kuma tallar ta kafa hujja da gwajin da aka yi a kan ɓeraye. Ya ce mata, "Umma, wannan ba toshewa ba ce, warkarwa ce, ko nawa ne za mu haɗa mu kai ki." Ita kuwa ta ce wa likitar, "Ni dai abin da za a zuba a jikina nake so a gaya mini ina zai tafi." Tambayoyin biyu, na uwa da na ɗa, amsarsu tana cikin tarihin gwajin dabbobi.

Abin da karnuka da birai suka nuna game da inda allurar ke tafiya

Yi wa bututun fitsari allura tsohon tunani ne. A 1938 wani likita mai suna Murless ya bayyana cusa wani sinadari mai ƙona nama don tabo ya tsuke wurin, daga baya wasu suka gwada kakin farafin, aka kuma samu waɗanda abin ya bi jini ya toshe musu huhu. A farkon shekarun 1970 aka koma kan kwaɓin Teflon, wani nau'in roba, aka yi wa mutane da yawa, bisa zaton cewa abu ne da jiki ba ya kula shi kuma yana zama inda aka ajiye shi. An yi sama da shekara goma ana haka kafin wani mai bincike mai suna Malizia da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka su buga sakamakon gwajinsu a mujallar JAMA a 1984. Sun yi wa karnuka mata da birai maza wannan allura a gefen bututun fitsari, sannan suka duba gaɓoɓinsu. Bayan kwana 50 zuwa 70 an samu ɓarɓashin Teflon a kaluluwar ƙugu ta dabbobi shida cikin bakwai, da huhun huɗu cikin bakwai. Bayan wata goma da rabi an same shi a kaluluwa da huhu da ƙwaƙwalwar dukkan dabbobi bakwai, da ƙodar huɗu, da saifar biyu, wurin allurar kuma ya yi ƙulli na kumburi. Masu binciken suka ba da shawarar kada a yi wa yara da matasa. Da wuya a gano wannan a jikin mace mai rai, domin ba mai buɗe ƙwaƙwalwar mutum lafiyayye don neman ɓarɓashi.

Wani gwajin a kan karnuka mata a 1995, wannan karon da ɓarɓashin silikon, ya nuna cewa ƙanana suna gudu zuwa gaɓoɓi masu nisa, manya kuwa sun fi tsayawa a wurin. Daga irin waɗannan gwaje-gwaje aka samu ƙa'idar da masu ƙera maganin ke bi, cewa ɓarɓashi ya wuce maikiromita 80, wato kashi 80 cikin dubu na milimita ɗaya, don kada ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye shi su tafi da shi. Kayayyakin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da su bayan haka sun bi wannan hanya: Durasphere a 1999, Coaptite a 2005, Macroplastique a 2006. Jel ɗin da aka ba mai lamarin shawara, wanda ake sayarwa da sunan Bulkamid, ya kauce wa matsalar ta wata fuska, domin ba shi da ɓarɓashi ko kaɗan, kashi 97.5 ɗinsa ruwa ne, kashi 2.5 sinadarin poliyakirilamaid, kuma FDA ta amince da shi a 2020 bayan an daɗe ana amfani da shi a Turai.

Karnuka sun ba da wani labarin kuma, game da daɗewar amfanin. Karyar da aka cire wa mahaifa da ƙwai takan samu raunin tsokar bututun fitsari da kanta, masu ita su kai ta wurin likitan dabbobi. Likitocin dabbobi a Zurik ta ƙasar Suwizalan sun bibiyi irin waɗannan karnuka 40 da aka yi wa allurar kolajin, wani sinadari da ake samu a fatar dabbobi, suka buga sakamakon a 2005: guda 27 sun daina ɗigo, amma matsakaicin lokacin da suka yi a bushe wata 17 ne. Haka aka gani a mata da kolajin na saniya, wanda FDA ta amince da shi a 1993 aka daina ƙera shi a 2011, jiki yana narkar da shi a hankali sai an ƙara. Akwai kuma abin da aka ɗauka ba shi da haɗari saboda daga jikin mai shi yake, wato kitsenta. Gwajin da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada, aka buga a 2001, ya nuna bai fi allurar ruwan gishiri ba, mace ɗaya kuma ta rasu saboda kitsen ya bi jini ya toshe huhu. Wannan shi ne abin da ya fara sanyaya gwiwar ɗan, wanda ya ɗauka duk abin da aka ciro daga jikin mahaifiyarsa ba zai cutar da ita ba.

Abin da ɓeraye suka nuna, da inda suka tsaya

Tallar ba ta yi ƙarya ba da ta ce an gwada a ɓeraye. A 1998 masu bincike a San Faransisko suka bayyana hanyar kwaikwayon wahalar naƙuda a jikin ɓera: a sumar da ita, a sa ƙaramin balan-balan a farjinta, a hura shi na sa'a huɗu. Wasu sukan murƙushe jijiyar da ke kai wa tsokar umarni. Bayan haka a cika mafitsarar da ruwa a danna cikin a hankali, a auna ƙarfin danniyar da ke sa ɗigon farko ya fito, ko a sa ta atishawa da garin barkono ko da gashin bakinta a ga ko za ta zubar. A 2000 wani likita mai suna Chancellor da abokan aikinsa a Jami'ar Pittsburgh suka nuna cewa ƙwayoyin tsoka da aka cusa a bututun fitsarin ɓera suna rayuwa a wurin, gwaje-gwajen da suka biyo baya kuma suka nuna ƙarfin riƙon yana ƙaruwa.

Sai dai ɓeran gwaji matashiya ce mai lafiya, rauninta na jiya ne, kuma bayan hura balan-balan takan farfaɗo da kanta cikin 'yan makonni ko ba a yi mata komai ba. Da ƙafa huɗu take tafiya, nauyin mafitsararta a kan fatar ciki yake, ba a kan ƙasan ƙugu ba. Mai lamarin tana da shekara 50, rauninta ya shekara 14, tana da suga, a tsaye take wuni. Masu bincike a Wake Forest, a jihar Karolaina ta Arewa, sun gwada wannan bambanci kai tsaye a kan birai mata, suka ga ƙwayoyin tsoka suna aiki sosai a birai matasa masu sabon rauni, amma amfaninsu yana raguwa a tsofaffi da waɗanda rauninsu ya daɗe.

Da aka zo kan mutane, labarin ya yi hawa da sauka. Ƙaramin gwaji a Toronto a 2008 ya samu sauƙi ga mata biyar cikin takwas, ɗaya ce kawai ta bushe sarai. Mujallar Lancet ta buga wani sakamako daga Insburuk ta ƙasar Ostiriya a 2007 da ya ce mata 38 cikin 42 sun warke, amma ta janye shi a 2008 bayan hukumomin ƙasar sun gano manyan kurakurai a izinin gwajin da takardunsa. Wani babban gwaji da aka buga a 2018 an tsayar da ɗaukar mata a cikinsa kafin lokaci, saboda waɗanda aka yi wa allurar da babu ƙwayoyin a ciki su ma sun samu sauƙi fiye da yadda aka zata. A lokacin da ake wannan shawara FDA ba ta amince da wata allurar ƙwayoyin halitta don wannan ciwo ba. Likitar ta ce wa ɗan, idan akwai gwaji mai rajista da kulawar hukuma ba za ta hana ba, amma biyan kuɗi ga mai talla wani abu ne daban. Iyalin suka ajiye maganar, suka tsaya a kan allurar jel.

Allurar farko: shekara 50

An jinkirta aikin har bayan Hajji, an tabbatar babu ciwon sanyi a fitsarinta kuma sugarta ya daidaita. An kashe wurin da allura, aka zura ƙaramin madubi a bututun, aka cusa jel a wuri huɗu kewaye da bangonsa, jimilla mililita 1.6, har likitar ta ga bangon ya haɗe a tsakiya. Aikin bai kai minti 20 ba. Da yamma fitsari ya ƙi fita, aka zuƙe shi sau ɗaya da siririn bututu, washegari ya dawo da kansa. Ta ga ɗan jini da raɗaɗi na kwana biyu, a kwana na uku ta koma hidimar mahaifiyarta.

Bayan wata ɗaya ɗigon ya koma sau ɗaya a wuni, awon sa'a 24 ya ba da giram 8. A wata na uku ta yi ɗawafi a hawa na sama bayan sallar asuba, da siririyar auduga ɗaya. A wata na takwas abin ya fara komawa, sau uku a wuni, giram 22, kuma ya zo daidai da lokacin da bukukuwa suka yi yawa, ta saki motsa tsokar, kilo uku suka dawo.

Allura ta biyu da bibiya

A wata na tara aka ƙara mililita 1 a wuri biyu da madubi ya nuna sun sake. Wannan karon fitsari bai tsaya ba, amma ta samu ciwon sanyi da magani na kwana biyar ya kawar. Ta koma wurin mai koyar da motsa tsoka, ta kuma ɗauki yarinya mai taya ta ɗaga tukwane. Wata 15 bayan allura ta biyu nauyinta kilo 81, ɗigon yana zuwa sau ɗaya zuwa biyu a wuni, galibi idan tari ya taso, awon sa'a 24 giram 10. Ba ta bushe sarai ba, tana sa auduga ɗaya idan za ta fita, tana zuwa Harami duk Juma'a.

Hukunci a kan lamarin

A ganina shekara biyun da ta yi tana rage ruwa, tana zama a bagaruwa, tana shan maganin ciwon da ba nata ba, su ne asarar da ta fi girma a wannan lamari, kuma kunya ce ta jawo ta, tare da rashin wanda zai tambaye ta tun da wuri. Abin da ya yi aiki haɗin gwiwa ne: motsa tsoka da rage nauyi sun sauke ɗigon daga shida zuwa huɗu, allura ta sauke shi zuwa ɗaya, kuma da aka saki na farkon sai amfanin na biyun ya ragu. Ba zan ce allura ta fi tiyata ba, domin alƙaluman Helsinki sun nuna akasin haka a wajen bushewa. Ta dai fi dacewa da mace mai jinyar uwa wadda ta san abin da ta zaɓa da abin da ta bari. Ina kuma tuna cewa wannan mata tana da takardar zama da 'ya'ya masu iya biya, matan unguwarsu da yawa ba sa kaiwa ko matakin awon farko.

Game da dabbobin, hujjarsu ta fi ƙarfi inda aka tambaye su abin da jikinsu da namu suka yi tarayya a kai, wato ina ɓarɓashi ke tafiya da yadda nama ke karɓarsa, kuma karnuka da biran 1984, waɗanda aka kashe don a duba huhunsu da ƙwaƙwalwarsu, su ne dalilin da ya sa aka iya ba wannan mata amsar tambayarta. Hujjarsu ta yi rauni inda aka nemi ɓera matashiya ta faɗi yadda tsohon rauni zai warke a jikin mace mai shekara 50, kuma biran Wake Forest sun riga sun nuna hakan. Binciken ƙwayoyin halitta ya cancanci a ci gaba da shi, a dabbobi tsofaffi masu daɗaɗɗen rauni da kuma gwaji mai kulawa a mutane, amma bai kai matsayin da za a karɓi kuɗin iyali a kansa ba. Mai lamarin tana ganin likitarta duk wata shida, kuma sun yi yarjejeniya cewa idan takardar kwana uku ta sake nuna ɗigo huɗu a wuni, za a zauna a kan allura ta uku ko tiyata, gwargwadon halin da mahaifiyarta take ciki a lokacin.